RA'AYINMU: Mai Ƙiba Ba Ya Sauke Nauyi Shi Kaɗai

Duk zangon da mutum ya shiga yau a ƙasar Kurmi, daga Agege da Idi-Araba a Ikko, zuwa Sabon Badun da na Shagamu, har Ama Hausa ta Owerri da Bogobiri ta Kalaba, zai tarar da magidancin da likita ya ce masa jininsa ya hau, ko kuwa sukari ya kama shi, ya kuma umurce shi ya rage jiki. Irin wannan bawan Allah yakan dawo gida da himma. Ya bar shan lemo, ya rage tuwo, ya sayi takalmin tattaki. Bayan mako biyu ko uku sai himmar ta fara sanyi, kafin wata uku ya koma gidan jiya, wani lokaci ma har da ƙari. Daga nan sai abokan zamansa su ce ai dama wane ba ya iya riƙe bakinsa, shi kuma ya yarda da haka, ya fid da rai.

Mu a wannan shafi ba mu yarda da wannan hukunci ba. Lalle kwaɗayi da kasala suna da hannu a ciki, ba mu musa ba. Amma mutumin da ya bar garinsu ya yi tafiyar kilomita dubu, ya jure zaman baƙunci, yake azumin wata guda cikin gumin Ikko yana kuma fita nema, ba a ce masa marar juriya. Abin da ke kayar da shi yawanci uku ne: jikinsa da ke yi masa gardama, sana'arsa da ta ɗaure shi wuri ɗaya, da kuma mutanen da yake zaune da su. In ba a dubi waɗannan ba, ko sau nawa ya ɗaura niyya za ta kwance.

Matsalar ba ƙarama ba ce, ba kuma tamu ce mu kaɗai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 manyan mutane biliyan 2 da rabi ne nauyinsu ya wuce ƙima, daga cikinsu miliyan 890 suna da ƙibar da likitoci ke lissafawa a cuta, kuma yawan masu irin wannan ƙiba ya ninka fiye da sau biyu tun daga 1990. A nan Nijeriya, binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 28 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima, abin kuwa ya fi yawa a birane bisa ƙauyuka, ya fi yawa a Kudu bisa Arewa. Watau wanda ya baro ƙauyensu a Arewa ya zauna a birnin Kudu ya shigo inda abin ya fi tsanani ta fuska biyu.

Wani zai ce a wannan zamani na tsadar abinci, mutane na fama da abin sawa a baki, ina ruwan jarida da zancen ƙiba? Amsar ita ce, yunwa da ƙiba sukan kwana gida ɗaya. Abincin da ke cika ciki da araha, irin su garin rogo da burodi da taliya da kayan suya, shi ne kuma wanda ya fi tara kitse. Sa'an nan ɗan ci-rani ba shi da jarin da ya wuce jikinsa. Ran da ya kwanta, shago ya rufe, kuɗin da ake jira a gida ya yanke, kuɗin makarantar yara ya tsaya. Ƙiba ita ce babbar ƙofar ciwon sukari da hawan jini, su kuwa waɗannan su ke kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki, da yanke ƙafa, da makanta, da wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako. Kowa a cikinmu ya san gidan da jinya irin wannan ta cinye dukiyar shekara ashirin, aka ƙare da ɗaukar mai gida a mota zuwa Arewa.

Da farko ya kamata mutum ya san inda yake. Likitoci suna da lissafin da suke kira BMI: a ɗauki nauyin mutum da kilo, a raba shi da tsawonsa na mita wanda aka riɓanya da kansa. In amsar ta kai 25 nauyi ya wuce ƙima, in ta kai 30 an shiga ƙiba sosai. Alal misali, mai tsawon mita 1.70 da nauyin kilo 90 lissafinsa 31 ne. Wanda ba ya son lissafi akwai hanya mafi sauƙi, wadda hukumar tsara ƙa'idojin jinya ta Ingila ta ba da shawara a kanta a 2022: kada faɗin ƙugun mutum ya kai rabin tsawonsa. A sami igiya a auna tsawon mutum daga ƙasa zuwa tsakar ka, a ninka ta biyu, a zagaya ciki da ita wajen cibiya. In ba ta haɗu ba, to akwai aiki. Kitsen tumbi kuwa shi ne mafi haɗari, domin shi ke kewaye hanta da hanji.

Abu na farko da ke kayar da mai rage jiki shi ne jikin kansa. Allah Ya halicci jiki da tsaron abin da ya tara, saboda haka in nauyi ya fara sauka sai yunwa ta ƙaru, ƙarfin da jiki ke ƙonawa kuma ya ragu. A 2011 likitoci a birnin Melbon na Ostareliya suka ba da labarin mutum 50 da aka ɗora kan matsanancin rage abinci na mako goma. Sun zubar da kimanin kilo 13 a tsakaice. Da aka sake auna jininsu bayan shekara guda, sai aka tarar sinadaran da ke tayar da yunwa har yanzu suna sama da yadda suke kafin a fara, mutanen kuma suna jin yunwa fiye da da. Saboda haka mai ƙiba in ya ce yunwa ta dame shi, gaskiya yake faɗa. Darasin shi ne, tsarin da aka gina a kan horon ciki da yunwa, kamar a ce daga yau ba tuwo ba shinkafa sai ganye da ruwan zafi, ba ya daɗewa.

Ba kuma wani tsarin abinci guda da ya fi sauran sihiri. A birnin Boston na Amurka an raba mutum 160 gida huɗu, kowane gida da irin tsarinsa: wasu aka hana su kayan gari, wasu aka hana su mai, wasu aka sa su lissafin abin da suke ci. Sakamakon da aka buga a 2005 ya nuna bayan shekara guda duka gidajen sun tashi kusan kunnen doki, ragin kilo 2 zuwa 3 ne a tsakaice, kuma tsakanin kashi 35 zuwa 50 cikin ɗari sun watsar tun kafin shekarar ta cika. Waɗanda suka fi raguwa su ne waɗanda suka fi riƙe tsarinsu, ko wane iri ne. Ke nan tambayar da ta kamaci mutum kafin ya fara ita ce: wannan abin da zan ɗauka, zan iya yin sa har baɗi war haka?

Abu na biyu shi ne sana'a da zaman birni. Yawancinmu mun taso cikin noma da kiwo da ɗebo ruwa da tafiya kasuwa a ƙafa. Malmala uku ga wanda ya yini yana huɗa ba ta yi yawa ba. To, ga shi an zo Kurmi. Masu dako da masu tura ruwa da masu sassabe har yanzu guminsu na cinye abin da suka ci. Amma ɗan canji, da mai tireda, da dillalin shanu a Oko-Oba ko Lokpanta, da mai goro a Shagamu, da direban tirela da ke kwana uku a layin Apapa ko a Ogere, duk aikinsu na zama ne. Aikin ƙarfi ya tafi, cikin manomi kuwa yana nan yadda aka zo da shi. Sau da yawa ma ran da Allah Ya buɗa wa mutum ya bar dako ya kama shago, ran nan jikinsa ya fara nauyi.

A haɗa wannan da gosulo. Mutum ya fita bayan asuba, bai dawo ba sai bayan lisha, ya gaji tilis, iyalinsa kuwa wataƙila suna Arewa. Ina zai nufa in ba teburin mai shayi ba? Indomi biyu, ƙwai uku da aka soya cikin mai, rabin burodin Agege, da kofin shayi mai kauri da madara da sukari, sa'an nan ya kwanta. Da rana teba ce ko shinkafa a wurin mai abinci, inda ba shi da ikon cewa a rage manja, ga kwalbar lemo mai sanyi ta korawa. Mai gadi da direba kuma ba sa samun isasshen barci, rashin barci kuwa an tabbatar yana ƙara wa mutum son ci.

A dubi lemon nan kaɗai. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kimanin giram 50 a yini ga babban mutum, watau ƙaramin cokali 12, in ma da hali a tsaya a rabin haka. Yawancin lemon kwalba na ɗauke da sukari wajen giram 10 a kowane mililita 100. Ke nan kwalba guda mai rabin lita ta cinye rabon yini ɗungum, tun ba a zo ga shayin safe da na dare ba, balle zoɓo da kunun aya da fura da ake zuba wa sukari. Kafin jiki ya ƙone abin da ke cikin kwalbar nan sai an yi tattakin fiye da rabin sa'a. Shi ya sa wanda ya yi tattaki da safe ya kuma saka wa kansa da lemo da rana yakan hau sikeli ya ga ba abin da ya motsa, ya ce motsa jiki ƙarya ne.

Abu na uku, wanda a ganinmu ya fi sauran ƙarfi, shi ne bakin mutane. A al'adarmu tumbi shaidar arziki ne. In mutum ya je gida Salla da wuya a cike, sai a ce Kurmi ta karɓe shi. In ya je ya rame, sai a fara raɗe-raɗi: ko kasuwa ta karye, ko bashi ne, ko kuwa wata muguwar cuta ya ɗauko. Mahaifiya ta tayar da hankali, a shiga dafa masa kaji. Wajen mata abin ya fi muni. Matar da ba ta yi jiki ba akan ce mijinta ba ya ciyar da ita, har wasu 'yan mata da amare suna shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda asalinsu magungunan wasu cututtuka ne dabam, kuma wasunsu na haddasa hawan jini da ciwon sukari. Yaya wanda likita ya ce ya rage zai daure, alhali duk kilo ɗaya da ya zubar sai ya ba da bayaninsa ga mutum goma?

Ga kuma karamci. Baƙo ya zo sai lemo, an je suna ko ɗaurin aure sai shinkafa da naman suya, wanda ya ce ya ƙoshi an ce yana da girman kai ko yana zargin masu gida. Ga kunya. Dattijo mai babbar riga in ya fito yana sauri da sassafe ba tare da wata buƙata ba, sai yara su bi shi da kallo, abokai su tambaye shi ko lafiya. Matar aure da ke ɗaki ɗaya a gidan haya, babu tsakar gida, babu daka babu surfe, ba ta da inda za ta motsa, in ta fita kuma a yi magana. Abin mamaki, bakin da ke yabon tumbi shi ne kuma ke yi wa mai ƙiba ba'a in ya wuce wani mizani. Ba'a kuwa ba ta taɓa rage wa kowa kilo ɗaya ba. Iyakacinta ta sa mutum ya ɓuya, ya ƙi zuwa asibiti.

Su ma ma'aikatan lafiya suna da nasu laifin. Sau da yawa akan miƙa wa majinyaci takarda da Turanci, cike da sunayen abincin da bai taɓa gani ba, ko a ce masa kawai ya daina cin abinci mai nauyi, a kira na gaba. Wanda bai fahimci abin da aka ce masa ba, ko ya fahimta amma aljihunsa bai kai ba, sai ya faɗa hannun masu maganin a-sha-yanzu-magani-yanzu, masu shayin rage tumbi a tasha da cikin waya. Yawancin irin wannan shayi zawo da fitsari yake sawa, ruwan jiki ne ke fita, kitse na nan. An sha kama wasu a ƙasashe dabam-dabam da sinadarin sibutramine a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana jawo bugun zuciya da shanyewar jiki. Akwai sababbin allurai na gaskiya, irin su semaglutide, waɗanda gwajin 2021 ya nuna suna rage kimanin kashi 15 cikin ɗari na nauyi. Amma suna da tsada ƙwarai, sai da kulawar likita, kuma binciken da ya biyo baya a 2022 ya nuna waɗanda suka daina sun mayar da kashi biyu cikin uku na abin da suka zubar a shekara guda.

To, mene ne ke taimako? Na farko, a rage buri. Ba a bukatar Alhaji ya koma kamar yadda yake ran da ya sauka a tashar Iddo. Wani babban gwaji da aka yi a Amurka da mutum 3,234 waɗanda ke bakin kamuwa da ciwon sukari, aka buga sakamakonsa a 2002, abu biyu kawai ya nema daga gare su: su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su kuma yi tafiya mai ɗan sauri ta minti 150 a mako. Waɗanda aka ɗora kan wannan, kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin ɗari a tsakaninsu, alhali waɗanda aka ba ƙwayar metformin kashi 31 ta ragu. Ga mai kilo 100, kilo 7 ke nan. Minti 150 kuwa rabin sa'a ne sau biyar a mako, kuma ana iya raba shi minti goma-goma. Sannu ba ta hana zuwa.

Na biyu, a saƙa abin cikin harkar yau da kullum, kada a mai da shi wani aiki dabam da sai an nemi lokacinsa. Wanda ke sallar jam'i sau biyar yana da dalilin tafiya sau biyar. Ya zaɓi masallacin da ke da ɗan nisa ko da na salla biyu ne. Ya sauka daga danfo tasha guda kafin tasa. Ya bar aiken yaro abin da zai iya zuwa da ƙafarsa. Direban da ke jiran lodi ya zagaya garejin maimakon kwanciya ƙarƙashin mota yini guda. Wajen abinci kuma a fara da abu ɗaya ko biyu: lemo ya koma na ranar Juma'a, sukarin shayi ya ragu da rabi, malmala uku ta koma biyu a ƙara miya, abincin dare ya matso kusa da magariba. Mai ya ninka gari fiye da sau biyu wajen sa ƙiba, saboda haka ludayi ɗaya da aka rage a tukunya ba ƙaramin abu ba ne.

Abin takaici a nan shi ne, maganin yana hannunmu muna sayar wa wasu. Wa ke kawo wake da tumatir da albasa da kabeji da karas da kankana kasuwar Mile 12 da Bodija? Mu ne. Gero da dawa da acca, da zogale da rama da kuka da kuɓewa, duk namu ne, ganyen da Yarabawa ke kira ewedu ma lalo ne da muka sani tun a gida. Wake da alale da kwaɗon zogale da dambu da faten wake suna riƙe ciki fiye da burodi da taliya, ba su kuma fi su tsada ba in an lissafa da kuɗin lemo da madara. Ba sai an nemi abincin Turawa ba. Abincin iyayenmu ya isa, in an rage mai da sukari da yawan malmala.

Na uku, kada mutum ya yi shi kaɗai. A wani gwaji da aka buga a Amurka a 1999, waɗanda suka shiga shirin rage jiki su kaɗai, kashi 76 cikin ɗari ne suka kai ƙarshe, kashi 24 kuma suka riƙe ragin nasu bayan wata shida. Waɗanda suka shiga tare da abokai ko dangi aka kuma koya musu tallafa wa juna, kashi 95 suka kai ƙarshe, kashi 66 suka riƙe. A Sikotilan kuma, da aka ga maza ba sa zuwa irin wannan shiri a asibiti, sai aka kai musu shi filayen ƙungiyoyin ƙwallon da suke goyon baya. Maza 747 aka gwada a ƙungiyoyi 13, sakamakon 2014 ya nuna bayan shekara guda waɗanda suka shiga sun fi sauran raguwa da kusan kilo 5. Mu ba sai mun je filin ƙwallo ba. Muna da majalisa, muna da sahun asuba, muna da ƙungiyar kasuwa, mata suna da Islamiyya da adashi. Dattijo ɗaya mai sauri a titi abin kallo ne, amma dattawa biyar da suka fito daga masallaci suna tafe suna hira ba wanda zai ce musu uffan.

Na huɗu, a riƙa awo, kuma kada tuntuɓe ya zama faɗuwa. A 1994 aka fara tattara bayanan dubban Amurkawa da suka zubar da aƙalla kilo 13 suka kuma riƙe fiye da shekara. Kashi uku cikin huɗu nasu suna hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a mako, mafi yawansu kuma suna motsa jiki kimanin sa'a guda kullum, galibi tafiya a ƙafa. Mai awo yakan ga kilo ɗaya ya dawo ya tare shi tun bai zama goma ba. Wani bincike na jami'a a Landan a 2009 ya gano sabuwar ɗabi'a takan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ta zama jiki, wasu ƙasa da haka wasu fiye ƙwarai, kuma tsallake rana ɗaya ba ya rushe ginin. Wanda ya je biki ya ci ya yi nak, gobe ya koma kan tsarinsa. Wanda ya ce tun da na karya bari in ƙarasa, shi ne ya yi asara.

Watan azumi ma ya isa misali. Bincike da dama sun nuna masu azumi sukan ragu da kilo ɗaya ko fiye kaɗan, sa'an nan su mayar da shi 'yan makonni bayan Salla. Me ya sa azumi ke yiwuwa ga mutumin da ya kasa barin lemo na mako biyu? Domin kowa na yi, lokacinsa sananne ne, ba kuma mai miƙo masa abinci da rana. Wannan shi ne dukan abin da muke faɗa. In da za a rage ƙosai da soyayyar doya da kunu mai zaƙi wajen buɗa-baki, a kuma riƙe wani abu na wannan tsari bayan Salla, da watan ya zama mafarin sauƙi ga mutane da yawa.

Saboda haka muna kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni na Kurmi su sayi sikeli da na'urar awon jini su ajiye a ofishin ƙungiya, su sa rana ɗaya a wata da ma'aikacin lafiya zai zo ya auna jama'a. Kuɗin bai kai na ragon suna ba. Muna kira ga limamai da malaman Islamiyya su riƙa tunatar da jama'a koyarwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da raba ciki uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi, da kuma cewa shi da kansa ya yi tseren gudu da Nana A'isha, don kada wani ya ɗauka motsa jiki zubar da girma ne ga namiji ko mace. Magidanta su bar matansu su riƙa tafiya Islamiyya ko kasuwa a ƙafa tare da 'yan'uwansu mata, ko su raka su da kansu bayan magariba. Uwargida kuma kada ta ware wa mai gida tukunyar marar lafiya. A gyara tukunyar gidan duka, yara ma su amfana.

Masu shayi su riƙa tambaya kafin su zuba sukari, ribarsu ce ma. Mai masauki ya ajiye wa baƙo ruwa da goro ko 'ya'yan itace, in ya ce ya ƙoshi a ƙyale shi. Dangi a gida in suka ga ɗan'uwansu ya ragu su tambaye shi da kyakkyawar niyya kafin su yanke masa hukunci. Likitoci da nas-nas na asibitocin da ke kusa da zangonni su nemi tafinta, su yi wa majinyaci bayani da malmala da ludayi da cokali, da abincin da yake samu a inda yake. Gwamnati kuwa, wadda dokar kuɗi ta 2021 ta ba ta harajin naira 10 a kan kowace litar lemo mai zaƙi, ya kamata jama'a su ga amfanin irin wannan kuɗi a wuraren awon jini da sukari kyauta, da hanyoyin masu tafiya a ƙafa, da fitilun titi a unguwannin talakawa.

Gargaɗi ɗaya ya zama dole. Mai shan maganin sukari ko yin allurarsa, da mai ciwon zuciya, da mace mai ciki, kada su sauya abinci ko su ɗauki azumin nafila ko motsa jiki mai tsanani sai sun shawarci likita, domin sukari na iya faɗuwa ƙasa ya kayar da mutum. Wanda kuma ya ga yana ramewa ba tare da ya rage komai ba, ga yawan ƙishirwa da fitsari, ya hanzarta zuwa asibiti, wannan ba ramar alheri ba ce.

Mun baro gida ne don mu nemi abin rufin asiri mu koma da shi, mu kuma ci moriyarsa da ƙafafunmu da idanunmu. Duk wanda ke da aboki ko maƙwabci da likita ya ce ya rage jiki, gobe bayan sallar asuba ya ɗauki takalminsa ya ce masa, Malam, tashi mu taka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya mai da kowa gida cikin alheri, amin.